Wanzamin Baba ya koma gida, ko in ɗauki aska da kaina?

Assalamu alaikum Kawu, dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗan Agege ne, a nan aka haife ni, mahaifinmu tsohon ɗan kasuwar goro ne. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki na hagu, ga suga dama yana fama da ita, kuma asibiti sun ɗora shi a kan maganin tsinka jini da yake sha kullum. Tun muna yara akwai wanzaminsa da ke zuwa duk safiyar Juma'a, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya yi masa aski da gyaran fuska suna hira. To shi ma tsufa ya kama shi, ido ya yi rauni, 'ya'yansa sun zo sun mayar da shi Arewa. Mun kira wani yaro mai shagon aski ya zo da kilifa, Baba bai ce uffan ba har aka gama, da yaron ya fita sai ya ce kar a sake kawo masa wannan abu mai ƙara, shi ba tunkiya ba ne. Tun daga ranar ya ƙi aski, suma ta taru, saje ya haɗe da gemu, in an zo dubiya sai ya ce a ce yana barci, Juma'ar ma da muke kai shi a mota ya daina yarda. Ni kuma na kalli bidiyoyi a YouTube na ga yadda ake aski da tawul mai zafi da buroshi da kumfa, na yi oda aka kawo min aska mai naɗewa da sauran kayan, niyyata in riƙa yi masa da kaina. Na gwada a fuskata na yanke, ga ƙuraje sun feso min a wuya. Yayanmu ya ce sam bai yarda ba, mu ba gidan wanzamai ba ne, kuma in na yanki Baba ni da shi ne. Har sa-in-sa muka yi a gaban Hajiya, ita ba ta ce komai ba sai hawaye. Kawu ina son faranta wa mahaifina, kuma ina tsoro. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya yi maka albarka, don ba kowane ɗa ne zai gane cewa sumar nan da ta taru ita ta hana tsoho fita ba, wani sai ya ce rigimar tsufa ce kawai ya kama gabansa.

Bari in fara da wadda ba za ka so ji ba, don kar ka karanta rabi ka tashi ka ɗauko kaya. Waccan aska mai naɗewa da ka yi oda, a hannunka, kar ta taɓa fatar Baba. Ba raina ka na yi ba, wasiƙarka ce ta faɗa min dalilin da kanta. Maganin da ka ce yana sha, ko aspirin ne ko clopidogrel ko warfarin, aikinsa ya hana jini saurin daskarewa don kar wani guda ya sake toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, to shi magani bai san bambancin cikin jijiya da kan fata ba, ɗan yankan da ni da kai za mu danna da yatsa ya tsaya, a wajen Baba zai iya ta tsiyaya har hankalin kowa ya tashi, kuma fatar kai dama wuri ne mai yawan jini. Ga suga, wadda ke sa ƙaramin ciwo ya daɗe bai warke ba har ya kama ruwa. Sannan wanda ya fi damuna, ɓarin da ya shanye. Mai lafiya da aska ta fara cizonsa zai zabura ya ce kai a hankali, Baba kuwa ta yiwu gefen hagun nan ba ya jin taɓi ko zafi yadda ya kamata, sai ka yanke shi ko tawul ya ƙona shi yana zaune shiru bai sani ba. Ka haɗa da fatar tsoho da ta yi laushi ta saki, da tari ko motsin da zai iya zuwa masa ba shiri, ka ga ba wurin koyon hannu ba ne.

Nan ne Yayanka ya fi ka gaskiya, ka yarda da wannan ko da kuwa yadda ya faɗe ta bai maka daɗi ba. Ɗan wanzami shekaru yake yi yana ɗaukar zabira yana bin mahaifinsa gidan suna da bakin kasuwa, yana wasa aska, yana kallon yadda ake riƙe kai da yadda ake ja da fata, kafin a yarda a ba shi kan mutum, shi ma a ƙeya ake fara sa shi ba a maƙogwaro ba. Mai bidiyon nan da ka kalla bai nuna maka shekarun da ya yi yana yanka mutane kafin hannunsa ya faɗa ba. Amma maganar wai ku ba gidan wanzamai ba ne, wannan kam ban karɓa ba. Ba zabira za ka rataya ka shiga Mile 12 neman kwastoma ba, mahaifinka za ka gyara wa fuska, daidai yake da yanke masa farce ko taimaka masa ya yi alwala, hidima ce, kuma ni a ganina shi ma Yayan ya san haka, tsoro ne ya fito masa a siffar faɗa. Babban ɗa ne, in wani abu ya faru shi dangi za su fara tambaya kana ina aka yi haka.

Yanzu mu koma kan Baba, don duk kun yi ta magana a kansa amma ban ga inda ka ce an zauna an tambaye shi ba. Ka tuna me safiyar Juma'ar nan take a wurinsa. Mutum ne sa'ansa ke zuwa, ya gaishe shi gaisuwar manya, su taɓa labarin goro da na wanda ya rasu da wanda ya aurar da 'ya, wanzami ya jiƙa masa kai yana murzawa a hankali, in an gama ya miƙa masa ɗan madubi, Baba ya duba ya ce rage nan, bar can, sannan ya sa hannu a aljihu ya sallame shi da kuɗinsa. Shi ke ba da umarni. Yau kuwa ɗaga shi ake, kwantar da shi ake, a ba shi magani, a yanke masa abin da zai ci, sai kuma ga yaro da bai san shi ba an shigo da shi ba shawara, ya dafa kan dattijo ya kunna inji, minti kaɗan ya kaɗe rigarsa ya fita. Yaron bai yi laifi ba, sana'arsa ya yi yadda ya saba. Amma abin da Baba ya ƙi ba ƙarar kilifa ba ce kaɗai, ƙin a mayar da shi kaya ne. Shi ya sa nake ganin abin da za ka dawo masa da shi zaman ne da girmamawar da hannun da ba ya gaggawa, ƙarfen da zai cire gashin kuwa za a iya sauya shi da wanda ba zai cutar ba.

Don haka kafin komai ka shiga wurinsa kai kaɗai, bayan la'asar ko lokacin da ka san ransa a sake yake, ka durƙusa ka ce Baba na ga suma ta dame ka, wa kake so ya yi maka, a nemo wanzami ko ka yarda ni in gwada? Ka bar shi ya zaɓa. Kar ka yi mamaki in ya ce shi wanzami yake so, wasu iyayen suna jin nauyin ɗansu ya riƙe musu kai, kuma in haka ya ce kar ka ji haushi don ka riga ka kashe kuɗin kaya.

Sai likita. Ranar da za ku koma asibiti ka ɗauki kwalayen magungunan gaba ɗaya ka tambaya kai tsaye, ana iya yi masa aski da reza ko a'a. Masu shan irin wannan magani, musamman warfarin, galibi injin lantarki ake ba su shawara su yi amfani da shi, don haka ka shirya jin a'a. Kuma dan Allah kar wani ya ce a dakatar da maganin kwana biyu don a yi aski, wallahi wannan ganganci ne, suma ba ta kai ciwon ya dawo ba.

In wanzami ya zaɓa kuma likita bai hana ba, ai Legas ba ta rasa wanzamai ba. Nan Agege ɗinku akwai, Idi-Araba akwai, haka Mile 12 da Obalende da Alaba Rago, duk inda Hausawa suka yi zango ana suna ana kaciya, to wanzami na nan. Ka tambayi limamin masallacinku ko ka je fadar Sarkin Hausawa a haɗa ka da Sarkin Aska, ka fi samun dattijo natsattse a nan kusa wanda gosulo ba zai hana shi zuwa da safe ba. Mafi sauƙi ma ka kira tsohon wanzamin a waya ka ce Baba wa ka yarda da hannunsa a cikin yaranka, in Baba ya ji cewa amininsa ne ya turo mutum rabin aikin ya ƙare. Sai dai da sharaɗi. Ka gaya masa maganar maganin da sugar tun a waje, kuma aski kaɗai zai yi, ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, don za a iya samun mai cewa ai mataccen jini ne ya kawo shanyewar bari a zuƙe shi, a jikin mai shan maganin tsinka jini wannan hanyar asibiti ce da gudu. Sannan ƙarfen da zai yi aiki da shi na Baba ne shi kaɗai, ko sabuwar reza da za a ɓare a gabanka, ko aska da za ta zauna a gidanku ba ta shiga zabira. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe, jinin da ido ma ba zai gani ba, kuma ɗan goga sifirit ko haska laita na daƙiƙa biyu da ake yi a shaguna bai isa a dogara da shi ba. In kana jin nauyin faɗa wa dattijo haka, ka ce sharaɗin asibiti ne, ba wanda zai yi fushi da wannan. Tunda ma maganar ta zo, kai da Yayanka in ba ku taɓa gwajin ciwon hanta ba, to ku yi, ana yi a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja da manyan asibitocin gwamnati, sai a 2004 aka saka rigakafinta cikin alluran yara a Najeriya, wanda aka haifa kafin nan da wuya ya samu, kuma allura uku ce cikin wata 6.

In kuma likita ya ce ba reza kwata-kwata, ba a rasa komai ba. Ka nemi ɗan ƙaramin injin aski mai caji wanda ba ya ƙara sosai, na Baba shi kaɗai, ka ga ba ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke. Ka fara rage sumar da almakashi da mataji, a hankali, ƙarar almakashi ba ta tayar wa tsoho hankali, injin ya zo daga ƙarshe ya share a busasshiyar fata, sannan tawul mai ɗumi da mai da turare su biyo baya. Abin da ya ƙi a hannun baƙo mai sauri zai iya karɓa a hannun ɗansa da ya zauna a gabansa yana tambayarsa nan ya yi ko a ƙara.

To in an ba da izinin reza kuma Baba ya ce kai yake so, ga abin da za ka riƙe. Ba mai naɗewa ba, kuma ba tsirarar reza a tsakanin yatsu irin yadda masu shago ke gyaran layi ba. Ka nemi irin ta ƙarfen nan ta da, wadda ake kwance kanta a saka reza mai baki biyu a ɗaure, bakin kaɗan ne ke leƙowa, akwai kariya a gabansa da ke hana shi nutsewa cikin fata. Ana samu a Idumota da Balogun da manyan kantuna, ko ka yi oda kamar yadda ka yi waccan. In ba ka samu ba shebin sitik mai baki ɗaya ma ya yi, sabo kowane zama.

Amma a fuskarka za ka koya, kuma sai ƙurajen nan sun kwanta. Ka bar wuyan nan ya huta sati uku zuwa huɗu ba reza. Abin da ya same ka ba cuta ba ce daga askar, gashinmu ne mai murɗewa, in aka yanke shi ƙasa sosai ko aka yi masa aski ta inda bai kwanta ba, sai tsinin ya lanƙwaso ya soki fata ya ci gaba da girma a ciki, jiki kuma ya ɗauke shi baƙo ya kumbura. Shi ya sa mai baki uku ko biyar ɗin nan da ake talla ta fi fitar mana da ƙuraje, bakin farko ya ja gashin na baya su yanke shi ƙasa da fata. Kar ka tsokane su da allura, kar kuma ka bi masu cewa a shafa man birki ko man goge baki, ko mayukan nan na kemis masu haɗi uku da ke sa fata ta yi siriri. In sun ƙi kwanciya ko suna ruwa ka ga likitan fata. Bayan sun warke ka shafa fuskarka da tafin hannu ka gane inda gashi ya kwanta, a kumatu yawanci ƙasa yake yi, a wuya kuwa kowa da nasa, wani gefe, wani sama, wani ma ya yi juyi. Ka yi ta yi wa kanka har sai ka yi aski da yawa a jere ba ɗigon jini. In Yaya na son tabbatarwa, to ya ba ka ƙeyarsa ka gwada da sabuwar reza, in ya tashi lafiya ai bakinsa ya mutu.

Ranar Baba kuma, ka zaɓi safiya bayan ya karya ya sha magani, wuri mai haske, bakin ƙofa ko baranda ya fi cikin ɗaki. Tabarma ta wuce yanzu, kujera mai hannu da jingina za ka sa shi, filo a baya da wani a gefen hagu ya tare shi, kansa a miƙe. Kar ka kwantar masa da kai baya can kamar yadda ake yi a kujerun bidiyon nan, lanƙwasa wuya baya na tsawon lokaci na iya matse jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya taɓa samun irin ciwonsa ba a wasa da wannan, ga shaƙewa da yawu. Ka kashe fanka don kar kumfa ta bushe. Ka wanke hannu da sabulu, in kana da ciwo a yatsa ka sa safar hannu. Ka ɗauko wani tsohon hotonsa na sallah ka ajiye kusa, a nan za ka ga inda wanzaminsa ke tsayar da saje da yadda yake zagaye gemu, don kar ka yi masa gyaran samari. Gashin da ya yi tsawo almakashi ne zai fara cinye shi, reza ba ta shiga dogon gashi, toshewa take ta riƙa tsiga. Sannan ka bi kan da fuskar da yatsu kafin kumfa ta rufe, ka san inda ƙurji yake, da tawadar Allah, da tsagen gado in yana da shi, da ninkin ƙeya, waɗannan zagaye su ake.

Ruwan ɗumi daga filas ka sirka a roba, ka tsoma ƙaramin tawul ka matse, ka ɗora a cikin hannunka wajen da agogo ke zama ka ƙirga goma, in ka ji kana son cirewa to ya yi wa Baba zafi. Ɗumi ake nema ba turiri ba. Ka ɗora a gefen dama tukuna ya gaya maka ya yi, ka bar hanci da baki a buɗe, minti biyu zuwa uku ya isa gashi ya sha ruwa ya yi laushi, in ya huce ka sake tsomawa. Buroshi kuma ka jiƙa shi ka yarfe, ka juya a kan sabulun askin, ka koma kwano kana bugawa kana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo har kumfar ta yi kauri da sheƙi kamar kindirmo, in tana da manyan ƙwayaye ruwa ya yi yawa, in tana daskarewa a fata ya yi kaɗan. Na san wanzamai da ruwa da sabulun da ya samu suke yi, har sabulun salo, amma ga fatar Baba ka nemi na aski marar ƙamshi mai ƙarfi, salo na iya busar masa da fata ya yi raɗaɗi. Ka shafa da buroshin kana zagayawa, kar ka yi sauri a nan, wannan murzawar na cikin abin da ya yi kewa.

Ka fara da dama, sunna ce, kuma a wajen Baba ta zo daidai tunda nan ne gefen da zai iya ce maka hannunka ya yi nauyi, abin da ka koya a dama shi za ka kai hagu inda ba zai iya faɗa ba. Ka ɗora kan askar a kumatu mariƙin na kallon waje, ka riƙa sauke mariƙin a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi, wajen digiri 30 ke nan, to a nan za ka tsaya. Kar ka danna ko kaɗan, nauyin ƙarfen ya isa. Ja gajere-gajere, ka ɗauraye bayan ja biyu ko uku, ka bi inda gashi ya kwanta, kuma kar ka taɓa zamar da ita gefe, nan ake yanka. Ɗaya hannun shi ke da babban aiki, ya ja fatar ta miƙe a gaban reza, musamman kuncin hagu da ya saki, in yatsunka na santsi ka goga su a jikin alif, farin dutsen nan da ake jefawa a ruwa ya kwantar da datti, za ka ji sun kama. Zagaye ɗaya ya isa. Na san za ka shafa ka ji ɗan kaushi ka so komawa ta sama don ya yi sumul, a'a, bar shi, wannan komawar ita ke kawo yanka da ƙuraje. Gefen baki da ƙasan hanci da kan maƙogwaro ka bar wa almakashi a farkon nan. Kuma kar ka haɗa kai da fuska a zama ɗaya, fuska yau, kai wani satin, don in ya gaji a tsakiya ba ka bar shi da rabin kai ba. Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, mai yi ya gaji wanda ake wa ya ƙosa, nan hannu ke kuskure.

In an gama ruwan sanyi, ka dafa da tawul ba gogewa ba, sai ɗan man kaɗanya ka narkar a tafin hannu ka shafa. Sifirit da ruwan bayan-askin nan mai raɗaɗi ka bar su, turarensa a riga za ka sa. Sannan ka miƙa masa madubi ka yi shiru ka jira hukuncinsa. In tsautsayi ya sa an ɗan yanke, jiƙaƙƙen alif na tsayar da ƙanana, in ya fi haka ka danna da tsabtataccen bandeji minti 10 cur ba ɗagawa kana leƙe, in bai tsaya ba ku tafi asibiti, ba toka ba garin magani. Kwanakin da ke biye ka riƙa duba wurin, ja ko kumburi ko ruwa a jikin mai suga ba a jira da shi.

Kayan kuma ka san garin da muke, iskar Legas ba ta Kano ba ce, ƙarfe na kwana da laima ya wayi gari da tsatsa. Ka kwance askar ka wanke ka shanya, buroshi ka yarfe ka ajiye inda iska ke shiga ba cikin banɗaki ba. Rezar da aka yi aiki da ita ka huda gwangwanin madara ko na tumatir ka riƙa jefawa ciki, in ya cika ka toshe bakin, kar ka watsa ta haka a shara, yaranmu ne 'yan bola ke sa hannu a ciki. Ita kuma mai naɗewar ka shafe ta da mai ka naɗe a ƙyalle ka ɓoye inda yara ba sa kaiwa, ko ka bar ta ta zama askar Baba da wanzami zai riƙa amfani da ita in ya zo, ka ga kuɗinka bai tafi a banza ba.

Yayanka ka same shi ku biyu, ba a gaban Hajiya ba, ka fara da ba shi haƙuri kan ɗaga muryar da aka yi, ka ce Yaya na ajiye waccan askar, ga abin da nake so mu tambayi likita, ka zo mu je tare. Ka ba shi aiki a ciki, shi ya nemo wanzamin, ko ranar askin shi ya tsaya ta hagu ya tallafe kafaɗar Baba. Wanda aka saka a cikin abu ba ya tsayawa gefe yana jiran a yi kuskure. Hajiya kuwa hawayenta ba na aski ba ne, mijinta take gani ya sauya ga 'ya'yanta na faɗa a kansa, ku je tare ku gaya mata kun daidaita, kuma ka tambaye ta yadda Baba ke son ruwansa da turaren da yake sawa ranar Juma'a, ta fi ku sani nesa ba kusa ba, ita ma ta samu abin da za ta riƙe. In an zauna askin ka kira tsohon wanzamin ka sa a sifika ka ajiye wayar kusa, su yi hirarsu kana aikinka, in ya ji kai ne ke riƙe da reza ma zai gaya maka inda kan Baba ke da wuyar bi, shekaru ya yi yana bin kan nan.

Abu ɗaya da nake so ka sa wa ido. In an yi askin, fuska ta fito, amma Baba ya ci gaba da ƙin ganin mutane, abinci ya ragu, barci ya lalace ko yana yawan cewa shi ya zama kaya, to abin ya wuce suma. Ciwon damuwa na kama kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki, ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa. Ka faɗa wa likitan wannan a zuwan da za ku yi tambayar rezar, da misalan da ka ba ni, na baƙin da ake cewa yana barci da Juma'ar da ya daina zuwa, don a gaban likita tsofaffinmu lafiya lau kawai suke cewa. Ka gaishe min da Baba da Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi.